Tsohuwar Fijo da ƙarar da ke cikin injinta

Wani mai sauraronmu daga Bunkure, mai jigilar tumatir zuwa Kwanar Gafan, ya rubuto yana cewa injin a-kori-kurarsa ƙirar Peugeot 504 yana wata ƙara ƙwas-ƙwas, an ce masa ya kusa bugawa. Yana tambaya ko ya sayar tun da sauran daraja.

To malam, kada ka yi gaggawa. Bari mu fara da asalin motar, domin amsar tana can.

A Faransa aka fito da 504 a 1968. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, shekara guda ke nan bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga, wadda ta kawo noman rani Kadawa da Kura da Bunkure. Ruwa ya zo, tumatir da alkama suka samu, Fijo kuma ta zama jakin kai su kasuwa. Da aka shigo da shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin manomi. Dole aka koma lallaɓa tsohuwa, kunnen bakanike ya zama shi ne na'urar gwaji.

Abin da kanikawan wancan zamani suka sani shi ne, ba kowace ƙara ce ajalin inji ba. Wadda ake tsoro ita ce ta metal, wato abin da ke tsakanin konrod da karanshaf: ƙara ce mai nauyi daga ƙasan inji, tana ƙaruwa in ka taka totur, sau da yawa fitilar baƙin mai na ƙiftawa. In ka ji wannan, kashe motar nan take, ko da kwandunan tumatir a baya.

Amma akwai wani ɗan gajeren ƙarfe mai rami, ana ce masa fin, wanda ke riƙe fistan a kan konrod. In ya ci, ƙararsa siririya ce, bugu biyu a jere, daga saman inji, kuma an fi jin ta mota na tsaye inji na aiki a hankali. Gwajin da ake yi tun da can shi ne, a dafa dogon sukundireba a jikin inji, a sa kunne a ƙotarsa, sannan a cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. In metal ne, ƙarar takan ragu a silindar da aka cire wa waya. In fin ne, ba ta cika ɓacewa ba, wani lokaci ma ƙara fitowa take yi. Wadda kuwa ake ji da sanyin safiya, ta tafi in inji ya ɗumama, fistan ne ya yi sako-sako, ana iya daɗewa da ita.

Ga inda asalin motar ya taimake ka. An ƙera injin 504 da silif mai cirewa, saboda haka ana sauya silif da fistan da fin gaba ɗaya, bulok na nan yadda yake. In za ka Ƙofar Ruwa neman kayan, tafi da bakanikenka, ku sayi saitin a haɗe, kada a sa sabon fin a tsohon fistan. A duba matatar iska kuma, don ƙurar hanyoyin gefen kanal, in ta shiga baƙin mai, ita ke cin ƙarfen.