Katsina da Hanyar Raƙumi

Katsina ba a cikin hamada take ba, amma hamada ce ta raine ta. Birnin yana zaune a kan tudu mai jigawa, ƙasar gero da wake, inda damina ba ta wuce wata huɗu, sauran shekara kuma hunturu da bazara su raba. Daga nan zuwa arewa itace yana ta raguwa har a kai Damargu, a iske Agadas, a shiga duwatsun Azbin. Ayarin da ya ratso Sahara, da ya hango ganuwar Katsina ya san ya iso inda zai sauke kaya ya sami masu saye.

Tarihin baka ya fara sarauta daga Kumayau da Durɓawa, har zuwa Sanau, wanda Korau ya kayar a kokawa ya karɓi mulki a ƙarni na 15. Muhammadu Korau shi ake ɗauka sarki Musulmi na farko. A ƙarshen wannan ƙarni Shaihu Magili ya zo daga Tuwat, kuma da zamanin nan ake danganta hasumiyar Gobarau. Wangarawa sun kawo fatauci da karatu tare.

Da sojojin Maroko suka rushe daular Songhai a 1591, cinikin Sahara ya karkato gabas, Katsina kuwa ta ci moriyarsa sosai. Fataken Gadamas da Gat suna kawo takarda da alharini da takubba, Azbinawa suna kawo gishirin Bilma. Su koma da fata jemammiya da tufafi da hatsi, da kuma bayi, waɗanda da yawansu ba su tsallake rairayi da rai ba. Arziki ya jawo malamai. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun yi zamaninsu a ƙarni na 17, sannan Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Jihadi ya juya al'amura. A 1807 Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani suka kafa Maraɗi. Yaƙin da ya biyo baya tsakanin gidajen biyu ya hana hanya lafiya, fatake suka koma Kano. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya iso a 1851 daga Azbin, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske, amma galibin cikinta kangaye ne da gonaki, mutanen kuwa a ƙiyasinsa ba su wuce dubu takwas ba.

Turawan Ingila sun shigo ta Ƙofar Yandaka a 1903, aka naɗa Muhammadu Dikko sarki a 1906. Iyakar da suka shata da Faransa ta bar Maraɗi a wata ƙasa, jirgin ƙasa kuma ya nufi Kano bai biyo ta Katsina ba, kaya suka koma bin teku. Abin da birnin ya samu maimakon ayari shi ne Kwalejin Katsina, da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, gari ya tsallake ganuwa. Ta hanyar Dutsin-ma gine-gine sun miƙe har sun haɗe da Batagarawa, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua take, gonakin gero suka zama filoti. Birnin da ya shekara ɗaruruwa yana sauraron arewa ya juya fuskarsa kudu. Duk da haka, da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kasuwa ta ji a jikinta tun daga Jibiya har cikin gari. Karar baƙo da aka san Katsinawa da ita gadon masu saukar fatake ce, kuma har yau rabin dangin wasu gidaje a Maraɗi yake.