Daga gonar koko zuwa lungunan Nima: aikin da ba ya cikin littafin gwamnati

Shirinmu na tarihi a wannan mako ya yada zango a Accra, birnin da iyayenmu ke kira Ankara. Duk wanda ya ratsa Abossey Okai ya ga rumfunan kayan gyaran mota, da 'yan dako, da masu tuwo, da yaran makanikai, zai ce nan ai kowa da sana'arsa. To amma an daɗe littafin gwamnati yana lissafa irin waɗannan mutane cikin marasa aikin yi. Mafarin labarin kuwa yana gona.

Gonar koko muke nufi, ba kokon karin kumallo ba. Wajen 1911 ƙasar Gold Coast ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko. Masu gonakin mutanen kudu ne, amma hannun da ke sharar daji da fasa kwanso daga arewa yake zuwa: Mosawa, Zabarmawa, Hausawa, Kotokoli da mutanen arewacin Ghana. Da yawansu kan yi aiki bisa tsarin abusa, wato a raba amfani uku, mai kula da gona ya ɗauki kashi ɗaya. Kun ga ke nan idan farashi ya faɗi, kashin lebura ma ya faɗi. Zango kuma shi ne masaukinsu: baƙo ya sauka wajen maigida, a ba shi ɗaki, a nuna masa hanyar aiki.

A 1947 Turawa suka kafa hukumar sayen koko, wadda ita kaɗai ke yanka farashi. A 1954 gwamnatin Nkrumah ta tsayar da farashin lodi a kan sule 72, alhali a kasuwar duniya koko na tashi. Rarar ta tafi ga ayyukan gwamnati, manoman Asante suka fusata. Daga baya masanin Amurka Robert Bates, a littafinsa na 1981, ya nuna yadda irin waɗannan hukumomi ke tatsar manomi don a ciyar da birni. Idan gona ba ta biya ba, ina lebura zai nufa? Sai birni.

Nan ne Nima ta shiga tarihin ilimin tattalin arziki. Tsakanin 1965 da 1968 wani ɗan Ingila, Keith Hart, ya zauna cikin Farafara 'yan ci-rani a Nima. Ya ga albashin mai gadi ko lebura ba ya kai shi ƙarshen wata, amma ga shi mutane suna rayuwa. Ta yaya? Wannan da rana masinja ne, da dare mai gadi. Wancan yana aski, matarsa na sayar da abinci. Wani na ba da bashi, wani na haya da ɗaki. A takardar da ya gabatar a 1971, aka buga a 1973, ya ce waɗannan mutane ba zaman banza suke ba, aiki suke wanda hukuma ba ta rubuta ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ɗauki wannan fahimta a rahotonta kan Kenya a 1972, daga nan ta bazu ko'ina.

Sai dai kafin ilimin ya isa ofis, siyasa ta riga shi. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Hujjar ita ce baƙi sun tare wa 'yan ƙasa aiki da kasuwa. Mutane dubbai ɗaruruwa suka kama hanyar Najeriya, Nijar, Togo da Upper Volta, har da waɗanda a zango aka yanke musu cibiya. Gidaje aka sayar a wulaƙance. To, shin 'yan ƙasa sun ruga gonakin koko sun maye gurbinsu? Ina! Manoma suka shiga kukan rashin leburori. Ga ƙarancin hannu, ga farashi maras daɗi, ga tsufan itatuwa da fasa-ƙwauri zuwa Kodebuwa da Togo. Kokon da ya haura tan 550,000 a kakar 1964/65 ya dawo ƙasa da tan 200,000 a 1983/84, bayan fari da gobarar daji. A 1983 ɗin kuma Najeriya ta kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, duk da yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979. Ramuwar gayya, in ji masu magana, ta fi gayya zafi.

Abin lura shi ne gona da zango kasuwar ƙwadago ɗaya ce. Farashin da aka yanka wa manomi a ofis, shi ke ƙayyade yawan matasan da za su sauka tashar mota a Nima ko Maamobi. Don haka idan kun ji wani mai mulki, ko a wace ƙasa, yana cewa korar baƙi ko rushe rumfuna zai samar da aiki, ku tambaye shi nawa ya biya manomi bana. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.