Kakar Farko ta Gasar Hoki ta IHL, 1945 zuwa 1946

A wannan shafi muna gabatar wa jama'a taƙaitaccen tarihin kakar farko ta gasar International Hockey League, wadda aka fi sani da IHL, ɗaya daga cikin ƙananan gasannin hoki na kan ƙanƙara a Amurka da Kanada. Ana yin wasan ne a fili mai daskararren ruwa, 'yan wasa shida a kowane ɓangare har da mai tsaron gida, suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna bugun wani ɗan faifan roba da sanduna. Lokacin wasa kashi uku ne, kowanne minti 20. Abin da muke nufi da ƙaramar gasa kuwa shi ne wadda take ƙasa da babbar gasar NHL, kamar yadda ake da rukuni-rukuni a ƙwallon ƙafa.

An kafa gasar ne ranar 5 ga Disamba, 1945, a wani taro da aka yi a otal ɗin Norton Palmer da ke birnin Windsor a lardin Ontariyo na Kanada. Cikin mahalarta akwai Jack Adams, manajan ƙungiyar Detroit Red Wings, da Fred Huber, jami'inta na hulɗa da jama'a, da lauya Gerald McHugh wanda ya zama shugaban gasar na farko. Dalilin taron a bayyane yake. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a wannan shekara, samari sun dawo daga fagen daga, kuma da dama daga cikin 'yan wasan yankin ba su da ƙungiyar da za ta karɓe su.

Ƙungiyoyi huɗu kacal suka fara. Biyu daga Detroit ta Amurka, wato Auto Club da Bright's Goodyears, biyu kuma daga Windsor, wato Gotfredsons da Spitfires. Kogin Detroit ne kaɗai ya raba biranen biyu, ga gada ga hanyar ƙarƙashin ruwa, saboda haka ko da yake ana ƙetare iyakar ƙasa, tafiyar ba ta da tsada. A ganinmu wannan kusanci na daga cikin abubuwan da suka raya gasar a farkonta, domin a lokacin 'yan wasan ba su dogara ga wasan kaɗai wajen neman abinci ba. Kowace ƙungiya ta yi wasa 15 a kakar, sannan a zagayen ƙarshe Detroit Auto Club ta doke Bright's Goodyears ta ɗauki kofi.

Shi wannan kofi, Turner Cup, yana da nasa tarihin. An sa masa sunan Joe Turner, mai tsaron gida ɗan asalin Windsor, wanda wasa ɗaya tak ya buga wa Red Wings a gasar NHL a shekarar 1942. Daga nan ya shiga rundunar sojan Amurka, ya rasu a fagen daga a Turai. Ke nan waɗanda suka dawo da ransu suna takara ne a kan kofin da ke ɗauke da sunan wanda bai dawo ba.

A shekarar 1947 ƙungiyar Toledo Mercurys daga jihar Ohio ta shigo, gasar ta soma bazuwa cikin Amurka. A tsakiyar shekarun 1990 adadin ƙungiyoyin ya kai 19, wasu ma a manyan birane masu nisa da juna, kuɗin tafiya da albashi suka yi nauyi. An rufe gasar a shekarar 2001 bayan Orlando Solar Bears ta ci kofin ƙarshe, ƙungiyoyi shida daga cikinta suka koma gasar AHL.