Gumakan Nok da Masu Haƙa a Daji

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san labarin tukunyar zinariya da aka ce mutanen da sun binne a gindin kuka, aljani na gadi. To yau za mu duba wata dukiya ta gaske da aka tono daga dazukanmu, kuma ta yumɓu ce.

A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba da ke kudancin Kaduna, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba wanda ya damu da shi sosai. Sai a 1943 aka kai wa wani Bature, Bernard Fagg, wani kan da aka samu a yankin Jama'a. Kun san aikin da kan nan yake yi kafin nan? Wani ma'aikacin kuza ne ya kafa shi a gonar doyarsa don korar ɓarna. Fagg ya lura cewa hannun da ya ƙera shi irin na farkon ne, ya raɗa wa al'adar sunan Nok. Shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Da aka auna shekaru, sai ga shi gumakan sun haura shekara 2,000.

Daga nan fa kasuwa ta buɗe. A shekarun 1990, lokacin da Naira ta faɗi, rayuwa ta yi tsada, dillalai suka riƙa shiga ƙauyuka da kuɗi a hannu. Matasa suka ajiye fartanya suka ɗauki diga, rami bayan rami, daga kudancin Kaduna har gefen Abuja. Irin haka ta faru a ƙasar Katsina da Sakkwato, da kuma Bura a Nijar, inda Boubé Gado ya yi haƙa ta ilimi a 1983, sannan masu neman kuɗi suka biyo sawu. Ni dai ban cika ganin laifin mai digar ba. Abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba, in aka kwatanta da farashin da ake sa wa gunkin a Turai.

Amma ga inda asarar take. Shi gunki ba ya magana. Ƙasar da ke kewaye da shi ita ke ba da labari: gawayin da ake auna shekaru da shi, fasassun tukwane, ƙwayar hatsi, zurfin da aka same shi. Mai sauri kuwa kai kawai yake so, sauran ya watsar. Masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara aiki da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya a 2005, sun tarar da yawancin wuraren an riga an birkice su. Daga ɗan abin da ya tsira suka gano cewa mutanen Nok gero da wake suke nomawa, har ma an samu alamar zuma a tukwanensu. Sun kuma lura cewa gumakan a farfashe aka binne su tun asali. Don haka in ka ga cikakken gunki ba tsaga a kasuwa, akwai yiwuwar liƙe-liƙe ne.

Su wa ke saye? A shekarar 2000, zamanin Jacques Chirac, aka baje gumakan Nok biyu a gidan tarihi na Louvre a Paris, an sayo su daga hannun dillali a Beljiyam. Alhali dokar Najeriya ta 1979 ta hana fitar da irin kayan nan ba izini. Aka yi ta surutu. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, amma za ta riƙe su aro na shekara 25, kuma ana iya sabuntawa.

Ku lissafa da kanku, wa'adin 2027 ke nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba.