John Marshall: Lauyan da ya ɗaga martabar Kotun Ƙolin Amurka

John Marshall lauya ne, ɗan majalisa, kuma Alƙalin Alƙalan Amurka na huɗu. Ya riƙe wannan muƙami shekara 34, daga 1801 zuwa 1835, kuma har yau babu wanda ya daɗe a kujerar kamarsa. Lokacin da ya hau, Kotun Ƙoli ita ce mafi rauni a rassan gwamnati uku, ko ginin kanta ba ta da shi, a wani ɗaki na majalisar dokoki take zama. Kafin ya mutu, kotun ta zama wurin da ake yanke magana ta ƙarshe a kan ma'anar kundin tsarin mulki.

Tasowarsa

An haifi Marshall ranar 24 ga Satumban 1755 a karkarar Virginia, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 15. Bai yi dogon zama a makaranta ba, yawancin karatunsa a gida ya yi shi. Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a 1775, sai ya shiga soja, ya kai muƙamin kyaftin. Yana cikin sojojin George Washington da suka sha sanyi da yunwa a sansanin Valley Forge a hunturun 1777 zuwa 1778. A nan ya ga yadda sojoji suka rasa abinci da tufafi domin gwamnatin tsakiya ba ta da ikon tilasta wa jihohi su biya kuɗi. Wannan ya dasa masa aƙidar da ya mutu a kanta, cewa ƙasa ba ta tsayuwa sai da gwamnatin tarayya mai ƙarfi.

A 1780 ya halarci darussan shari'a na 'yan makonni a Kwalejin William and Mary, a hannun George Wythe, kuma a shekarar aka ba shi izinin aikin lauya. Ya auri Mary Ambler a 1783, suka zauna a birnin Richmond.

Majalisa da jakadanci

An zaɓe shi majalisar dokokin Virginia a 1782. A 1788 yana cikin wakilan da suka kare sabon kundin tsarin mulkin Amurka har jiharsu ta amince da shi. Sunansa ya bazu a ƙasa baki ɗaya bayan 1797, lokacin da Shugaba John Adams ya tura shi Faransa tare da wasu jakadu biyu don sasanta rikici. 'Yan koren ministan harkokin wajen Faransa, Talleyrand, suka nemi a ba da cin hanci kafin a fara magana, jakadun suka ƙi. Da labarin ya fito, Marshall ya dawo gida a matsayin gwarzo. Ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1799, ya zama Sakataren Harkokin Waje a 1800. Bayan Adams ya sha kaye a zaɓe a hannun Thomas Jefferson, sai ya naɗa Marshall Alƙalin Alƙalai ana saura 'yan makonni ya sauka.

Shari'ar takardar kama aiki

Hukuncin da ya fi fito da sunansa ya samo asali ne daga takardar kama aiki. A kwanakinsa na ƙarshe, Adams ya naɗa magoya bayansa da dama ƙananan alƙalai a babban birnin tarayya. An sa hannu a takardun, an buga hatimi, amma wasu ba su kai ga masu su ba. Wanda alhakin aika su ke wuyansa kuwa shi ne Marshall da kansa, domin har lokacin yana riƙe da ofishin Sakataren Harkokin Waje. Sabuwar gwamnati ta riƙe takardun. Ɗaya daga cikin mutanen, William Marbury, ya garzaya Kotun Ƙoli yana neman a tilasta wa sabon sakatare, James Madison, ya ba shi tasa.

Kotun ta shiga tsaka mai wuya. Idan ta ba da umarni, gwamnatin Jefferson za ta yi kunnen uwar shegu da shi, kotu ta ji kunya. Idan ta yi shiru, za a ce tsoro ta ji. Ranar 24 ga Fabrairun 1803 Marshall ya karanta hukunci. Ya ce Marbury ya cancanci takardarsa, kuma hana shi ita ya saɓa wa doka. Amma sashen dokar 1789 da ya ba shi damar kawo ƙara kai tsaye Kotun Ƙoli ya ci karo da kundin tsarin mulki, saboda haka sashen ba shi da tasiri, kotun kuma ba ta da hurumin ba da umarnin. Marbury bai samu aikinsa ba, gwamnati ba ta samu abin bijirewa ba, kotu kuwa ta kafa wa kanta ikon soke dokar majalisa idan ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Irin wannan ƙa'ida tana cikin sashe na 1 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin ta ɓaci gwargwadon cin karon.

A 1807 ya sake ɓata wa Jefferson rai. Shi ya jagoranci shari'ar tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Aaron Burr, wanda aka zarga da cin amanar ƙasa. Marshall ya dage cewa sai an kawo shaidu biyu a kan aikin da aka yi a zahiri, kamar yadda kundi ya tanada. Aka wanke Burr.

Haraji da kasuwanci

A 1819 jihar Maryland ta gurfana a gabansa kan harajin da ta ɗora wa reshen bankin tarayya da ke Baltimore. Kotun ta ce majalisar tarayya tana da ikon kafa banki ko da kundi bai ambace shi da suna ba, kuma jiha ba za ta ɗora masa haraji ba, domin mai ikon sa haraji yana iya kashe abin da ya sa wa. A 1824 kuma ta rushe babakeren da jihar New York ta ba wasu attajirai na zirga-zirgar jiragen ruwa masu aiki da tururi, ta ce tsara ciniki tsakanin jihohi aikin tarayya ne. Wannan ya buɗe hanyoyin ruwa ga kowane ɗan kasuwa, ya hana jihohi toshe wa juna hanya.

Inda tarihi ke tuhumarsa

Marshall ya mallaki bayi masu yawa, ya saya ya kuma sayar. A shari'ar wani jirgin bayi mai suna Antelope a 1825, ya yarda cewa cinikin bayi ya saɓa wa ɗabi'ar ɗan Adam, amma ya ce dokar ƙasa da ƙasa ba ta haramta shi ba, don haka aka bar wasu daga cikin 'yan Afirkan a cikin bauta. A 1823 ya yanke cewa 'yan asalin ƙasar ba su da ikon sayar da filayensu ga kowa sai gwamnati. Ko da yake a 1832 ya goyi bayan ƙabilar Cherokee, ya ce dokokin jihar Georgia ba su hau kansu ba, Shugaba Andrew Jackson bai tsaya wa hukuncin ba. A 1838 aka kore su daga ƙasarsu da ƙarfin soja, dubbai suka mutu a hanya.

Ƙarshensa

Ban da shari'a, Marshall ya rubuta tarihin George Washington a juzu'i biyar. Shi ne kuma ya saba wa alƙalan kotun fitar da hukunci guda da sunan kotu, maimakon kowa ya karanta nasa, abin da ya ƙara wa maganarsu nauyi. Matarsa ta mutu a 1831. Shi kuma ya mutu ranar 6 ga Yulin 1835 a Philadelphia, yana da shekara 79, aka binne shi kusa da ita a Richmond. Bayan shari'ar Marbury, Kotun Ƙoli ba ta sake soke wata muhimmiyar dokar tarayya ba sai a 1857, a ƙarƙashin magajinsa, Roger Taney.