Cajin na'urorin sauraro ba tare da igiya ba: yadda yake aiki da abin da ya dace da mai saye a Tagriss

Ƙananan na'urorin sauraro da ake cusawa a kunne, waɗanda ƴan kasuwa ke kira iyafis ko ekuter, sun bazu a jihar Maraɗi, tun daga babbar kasuwar birnin har zuwa kasuwannin mako na gundumar Dakoro. Da su ake sauraron wa'azi, waƙoƙi, labaran rediyo da saƙonnin murya na WhatsApp. A jikin wasu kwalayen akan ga rubutun Faransanci ko na Ingilishi da ke cewa ana cajin na'urar ba tare da igiya ba, kuma irin waɗannan sun fi sauran tsada. A wuri kamar ƙaramar hukumar Tagriss, inda mutane da yawa ke biyan kuɗi kafin a cika musu batirin salula, ya kamata mai saye ya san amfanin da zai samu daga wannan ƙarin kuɗi.

Abubuwa biyu da ake rikitawa

Sauti mara igiya daban, caji mara igiya daban. Bluetooth shi ne ke kai sauti daga salula zuwa kunne, kuma ba ya cika batiri. Yawancin na'urori masu araha suna da Bluetooth, amma da igiya ake cajinsu.

Na biyu, su kansu ƙwayoyin da ake sawa a kunne a cikin ɗan akwatinsu suke shan caji, ta wasu ƙananan ɗigogin ƙarfe da ke taɓa juna idan an mayar da su mazauninsu. Akwatin yana da nasa batiri, kuma shi ne ake ɗorawa a kan faifan caji. Shi ma faifan yana da igiyar da ake jonawa a soket ko a wata ma'ajiyar wuta. Ke nan igiyar tana nan, daga akwatin ne kawai aka ɗauke ta aka mayar jikin faifai.

Yadda yake aiki

A cikin faifan akwai zaren jan ƙarfe da aka naɗe kamar gammo. Idan wuta ta bi ta cikinsa tana kai da komo da sauri, sai ƙarfin maganaɗisu ya taso a kewayensa. A ƙasan akwatin akwai wani ƙaramin gammo wanda ke karɓar wannan ƙarfi ya mayar da shi wutar da ke shiga batiri. Masanin kimiyya na Ingila Michael Faraday ne ya gano wannan dabara a 1831.

Ƙarfin ba ya zuwa nesa. Tazarar ƴan milimita ce kawai tsakanin gammon biyu, kuma dole su daidaita, ɗaya bisa ɗaya. Idan akwatin ya goce daga tsakiyar faifai, caji zai yi sanyi ko ya tsaya, wutar da ta kuɓuce kuma ta zama zafi.

Tsarin Qi

Domin faifan wani kamfani ya yi aiki da na'urar wani, masana'antu sun kafa ƙungiyar Wireless Power Consortium a 2008, ta kuma fitar da tsarin Qi a 2010. Ana furta sunan «ci». Nokia Lumia 920 ta 2012 na cikin salulolin farko da suka yi fice da shi, Apple kuma ya shigo a 2017 da iPhone 8 da iPhone X. A ɓangaren na'urorin kunne, 2019 ce shekarar da abin ya yaɗu: a watan Maris na shekarar Samsung ya fitar da Galaxy Buds, Apple kuma ya fitar da akwatin AirPods mai hawa faifai. A 2023 aka ƙaddamar da Qi2, wanda ke amfani da zoben maganaɗisu don na'urar ta manne daidai, kuma yana ba da wat 15. Akwatin na'urar kunne ba ya buƙatar wannan ƙarfi, faifai na asali mai wat 5 ya ishe shi.

Hanyoyin da ake da su

Faifan caji. Shi ne hanyar da aka fi sani. Ya dace da mai wuta a gida, a shago ko a ofis, wanda zai ɗora akwatin ya bar shi. Ya fi igiya jinkiri, kuma sau da yawa ba a haɗa shi cikin kwali, sai an saya daban.

Bayan salula. Wasu saluloli suna iya zama faifai da kansu: a kunna tsarin, a kife salular, a ɗora akwatin a bayanta. Huawei Mate 20 Pro ta zo da wannan a 2018, Samsung Galaxy S10 a 2019. Amma galibin salulolin Itel da Tecno masu sauƙin kuɗi, waɗanda su ne a hannun jama'a a karkara, ba su da gammon kwata-kwata. Ko ga mai irin wannan salula, dabarar ta ranar tafiya ce, domin daga batirin salular wutar ke fita.

Ma'ajiyar wuta ta aljihu, wato fawa banki. Akwai masu faifai a jikinsu, akwai masu igiya kaɗai. Batirin akwatin na'urar kunne yakan kasance tsakanin mAh 300 zuwa 600, na salula kuma 4000 zuwa 5000. Fawa banki mai 10 000 na gaske zai iya cika akwatin fiye da sau goma. Matsala ɗaya ita ce wasu sukan kashe kansu idan abin da aka jona yana jan wuta kaɗan. Wasu samfura, kamar na Xiaomi, suna da tsarin ƙaramar wuta da ake kunnawa ta danna maɓalli sau biyu.

Hasken rana kai tsaye. Kamfanin Urbanista na ƙasar Suwidin ya fitar da hedifon Los Angeles a 2021, mai shimfiɗar sola a kan maɗaurinsa, sannan a 2022 ya sanar da ƙananan na kunne masu suna Phoenix, waɗanda akwatinsu ke shan haske. Adidas ma ya fitar da RPT-02 SOL a 2022. Wannan ne cajin da ba ya buƙatar soket, sai dai kayan na da tsada kuma ba su ne ke kan teburin ƴan tireda ba.

Igiya. Har yanzu ita ce mafi sauri, mafi araha, mafi tattalin wuta. Tun 28 ga Disamba 2024 Tarayyar Turai ta wajabta bakin caji na USB-C a kan sabbin saluloli da na'urorin sauraro da ake sayarwa a ƙasashenta, abin da ya sa masana'antu da yawa suka koma wannan baki. Idan salula da akwatin duk USB-C ne, caja ɗaya ta wadatar.

Manyan hedifon

Manyan na'urori masu rufe kunne da maɗauri bisa kai ba su cika hawa faifai ba, saboda siffarsu ba ta kwanciya daidai a kansa. Ko masu tsada irin Sony WH-1000XM5 da AirPods Max da igiya ake cika su. Batirinsu kuma yakan kai awa 20 zuwa 30 ko fiye, don haka ba kullum ake cajinsu ba. Idan mai sayarwa ya ce babban hedifon ba ya buƙatar igiya, galibi sautin yake nufi.

Wuta, zafi da ƙura

Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Ko garuruwan da ke kan layin NIGELEC sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da Najeriya ta katse wuta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, domin layin Katsina zuwa Gazawa ne ke ciyar da yankin Maraɗi. A ƙauyuka, caji ya dogara ga allon sola, batirin mota, janareto da rumfar mai caji, inda ake biyan ƴan daloli a kan kowace na'ura. Kayan aikin mai rumfa jerin soket ne da igiyoyi. Wanda akwatinsa ke hawa faifai ma da igiya za a yi masa caji a can.

Cajin faifai ya fi cin wuta. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2020 a kan salular Pixel 4 ya nuna ya ci kimanin kashi 47 cikin ɗari fiye da igiya. A kan akwatin na'urar kunne asarar ba ta da yawa, tun da batirin ƙarami ne, amma ga salula a kan ƙaramin allon sola za a ji ta. Faifan da aka bari a jone kuma yana shan wuta kaɗan-kaɗan ko babu komai a kansa.

Zafi ya fi wannan muhimmanci. Batirin litiyom ba ya son caji a yanayin da ya haura digiri 45, Apple kuma ya ba da shawarar amfani da AirPods tsakanin digiri 0 da 35. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a yankin Dakoro kan wuce digiri 40, faifai kuma yana ƙara nasa ɗumi. Batirin da ke shan irin wannan zafi yakan mutu da wuri, kuma a yawancin ƙananan na'urorin kunne ba a iya sauya shi. Shi ya sa ya fi kyau a yi caji da dare ko da sassafe, a inuwa, nesa da rufin kwano da tankin babur. Mai allon sola zai fi cin riba idan ya cika fawa banki da rana a inuwa, ya ciyar da ƙananan na'urori da shi bayan magariba.

Inda faifai ya yi fice shi ne lokacin hunturu. Ƙura na toshe bakin caji, yawan cusa igiya da zare ta kuma na sassauta shi, kuma wannan na cikin abubuwan da ke kai na'urori wurin mai gyara. Akwatin da ke hawa faifai yana da hanya ta biyu idan bakin ya lalace. Duk da haka sai an riƙa goge ɗigogin ƙarfen da ke cikin akwatin da busasshen ƙyalle, domin gumi da ƙura na hana ƙwayoyin shan caji.

Kafin a biya kuɗi

A duba alamar Qi a jikin kwali da ta faifan. Kayan da suka cika ƙa'idar tsarin suna tsayar da wuta idan wani ƙarfe, kamar tsabar dala ashirin ko makulli, ya shiga tsakani. Na jabu kan ci gaba da aiki har ƙarfen ya yi zafi.

Kada a dogara ga suna kaɗai. AirPods 4 na 2024 iri biyu ne: mai rage hayaniya yana hawa faifai, ɗayan kuwa sai igiya. Kwaikwayon AirPods da ke yawo a kasuwanni ma suna ɗauke da rubutu iri ɗaya da na asali. A nemi mai shago ya ɗora akwatin a kan faifai a gaban mai saye, a ga fitilarsa ta kama, a jira ƴan mintoci, sannan a taɓa a ji ko zafin ya wuce kima.

Ga mai wuta tsayayya a Maraɗi ko Dakoro, faifai sauƙi ne da zai iya morewa. Ga mazaunin ƙauye a Tagriss da ke cika batiri a rumfa ko da allon sola, kuɗin da zai ƙara don wannan tsari zai fi yi masa amfani idan ya sa shi a akwati mai babban batiri da bakin USB-C, igiya mai kauri da fawa banki mai inganci.