Cutar citta da mashaƙo: yadda darasin Bayoloji ke bayyana annoba biyu a kudancin Kaduna

A daminar shekarar 2023, kudancin Jihar Kaduna ya fuskanci annoba biyu. Wata cuta ta afka wa gonakin citta a ƙananan hukumomi irin su Kachia da Jaba da Kagarko, ganye ya yi rawaya ya bushe, citta ta ruɓe a cikin ƙasa. A watan Yulin shekarar kuma, cutar mashaƙo ta ɓulla a Kafanchan, inda ta kashe yara. Ƙananan halittu da ido ba ya gani ne suka haddasa duka biyun, kuma bayaninsu yana cikin darasin Bayoloji da ɗaliban sakandare a Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, da sauran sassan ƙasar nan suke karantawa domin jarrabawar WAEC da NECO.

Ƙwayar halitta

Jikin kowace shuka da dabba da mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta. Masanin Ingila Robert Hooke ne ya fara bayyana su a 1665, bayan ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma. A shekarun 1670, Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya ga bakteriya. Ƙwayar halittar shuka tana da bango mai tauri, ta ganye kuma tana ɗauke da koren sinadarin kulorofil. Ta mutum ba ta da ko ɗaya daga cikinsu.

Shuka

Da kulorofil ganye yake amfani da hasken rana wajen haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid ya samar da sukari, sannan ya saki iskar oksijin da muke shaƙa. Citta tana adana wannan abinci a sashenta da ke cikin ƙasa, wanda a kimiyyance kara ne, ko da yake ana ɗaukarsa saiwa. Idan cuta ta lalata ganye, abinci ya daina sauka, citta ba za ta yi ƙwari ba.

Manoma suna shuka citta ne da gutsuren cittar bara. Saboda haka irin da ya kamu yana iya ɗaukar cutar zuwa sabuwar gona. Cutar 2023 ta fungas ce, dangin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Fungas ba shi da kulorofil, don haka a jikin wata halitta yake ci, kuma laima da ɗumi suna hanzarta yaɗuwarsa. Wannan ne ya sa malaman gona suke ba da shawarar zaɓar iri mai lafiya, da hana ruwa kwanciya a gona, da sauya abin da ake shukawa a fili ɗaya.

Jikin mutum

Mashaƙo kuwa bakteriya ce mai suna Corynebacterium diphtheriae take kawo shi. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa, ta zauna a maƙogwaro, ta fitar da dafin da ke haifar da wata fata mai launin toka wadda ke iya toshe numfashi. Dafin yana iya bin jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi.

Fararen ƙwayoyin jini su ne masu tsaron jiki, kuma suna tuna cutar da suka taɓa haɗuwa da ita. A kan wannan aka gina rigakafi: ana ba jiki dafin da aka kashe wa kaifi, sai ya shirya garkuwa tun kafin ainihin cutar ta zo. A Nijeriya, allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 tana kariya daga mashaƙo da wasu cututtuka huɗu.

Masu amfani daga cikinsu

Ƙananan halittu masu yawa suna yi wa ɗan Adam aiki. Bakteriyar Rhizobium da ke cikin ƙulle-ƙullen saiwar gyaɗa da wake tana kama sinadarin naitirojin daga iska, ta ƙara wa ƙasa albarka. Bakteriya ce take mayar da madara nono, ita ce kuma take mayar da kalwa daddawa. Yis da ke kumbura burodi fungas ne, haka ma funfunar da Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin a jikinta a 1928.

Sanin bambancinsu yana da muhimmanci wajen magani. Fenisilin da danginsa suna kashe bakteriya, amma ba sa yi wa bairos ɗin da ke kawo ƙyanda komai, haka ma ƙwayar Plasmodium ta zazzaɓin cizon sauro, wadda ke da nata maganin daban. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai iya bayyana wa iyayensa dalilin kai jariri rigakafi sau uku, da dalilin ƙin shuka irin cittar da ya fito daga gonar da ta kamu.